Dokina yana firgita da harbin bindiga, ga babbar Sallah ta matso: allura ko horo?

Ɗan Kilisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah masu sani su taimaka. Ina da ingarma akawal, shekararsa biyar, bara na saye shi. A barga ba shi da matsala, yaro ma yana yi masa wanka, kuma kullum da yamma muna fita kilisa, mota da babur ba sa damunsa. Amma a hawan ƙaramar Sallah 'yan bindiga suka saki harbi kusa da mu, sai ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya juya ya kutsa cikin jama'a. Allah Ya kiyaye bai taka kowa ba, ni dai na faɗi na gurɗe a kafaɗa. Tun daga ranar, ko ƙofar ƙarfe aka buga da ƙarfi sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa. Yanzu saura mako bakwai babbar Sallah. Wani ya ce akwai allurar da ake yi wa doki da safiyar hawa ya natsu. Gaskiya ne? Tana da illa?

Mai Kyamis: Wa alaikumus salam. Akwai ta, kala biyu ma: asefuromazin da zailazin. Duk lokacin Sallah masu dawaki suna zuwa nema. Doki yana yin laƙwas, sai yadda ka yi da shi.

Baba Mai Barga: Ɗana, shekara arba'in da wani abu ina cikin dawaki, ban taɓa yi wa doki allura don hawa ba. Wannan raini ne ya shiga tsakaninku. Ya kayar da kai sau ɗaya, ya ga ya sha. Ka ɗaure shi tamau a turke, ka sa masa dabaibayi, ka kira mai bindiga ya yi ta harbi a gabansa har ya gaji da tsalle. In ya yi tutsu ka ba shi bulala. Kwana uku ya ishe shi.

Likitar Dabbobi: Baba, Allah Ya ƙara girma, a sanin doki ba zan kama ƙafarka ba. Amma ka yi mini izini in saɓa maka a nan, kuma in saɓa wa Mai Kyamis, don shawarwarin biyu duka suna iya jawo asarar doki ko ta rai.

Abin da aka kwatanta tsoro ne, ba raini ba. Rawar jiki da gumi ba abu ne da doki yake ƙirƙira don ya ƙure mai shi ba, jiki ne yake shirin gudu. Doki dabba ce da Allah Ya halitta tana tsira da ƙafa, in abu ya ba ta tsoro gudu take fara yi kafin ta duba mene ne. Wanda ya doki dokin da ke cikin tsoro ya tabbatar masa cewa tsoron nasa yana kan hanya.

Ɗan Kilisa, ina da tambayoyi kafin in ci gaba. Da aka yi harbin, me hannunka ya yi da linzami? Wane irin linzami ne a bakinsa? An taɓa duba haƙoransa da gadon bayansa?

Ɗan Kilisa: Dakta, linzaminmu ne na gargajiya mai zobe. Gaskiya da na ji ya zabura na fizga da duk ƙarfina, kuma ina jin kaimi ma ya taɓa shi. Da muka dawo gida na ga jini kaɗan a yawunsa. Haƙori kam ba a taɓa dubawa ba.

Likitar Dabbobi: To ga bakin zaren. Ka tsaya a matsayin dokin: an yi ƙara, kafin ya farfaɗo sai ga azaba a baki, ga ƙarfe a haƙarƙari. Ƙwaƙwalwarsa ta ɗaure biyun wuri ɗaya, ƙara tana nufin ciwo na tafe. Ban faɗi haka don in ɗora maka laifi ba, duk wanda doki ya miƙe da shi abin da hannunsa zai yi ke nan. Amma shi ya sa ƙarar ƙofa ma yanzu take razana shi, alhali a da ba ta yi.

Malam Mai Alli: Dakta ta taɓo fannina, don abin da nake koyar wa ɗaliban koyon malanta ke nan. Ivan Pavlov, Barashen da ya ci kyautar Nobel a 1904, binciken narkewar abinci yake yi da karnuka. Sai ya lura kare yana zubar da yawu tun kafin nama ya iso, da ya ji takun mai kawo abincin. Daga nan ya nuna cewa in abu biyu suna zuwa a jere, na farko yana zama mai shelar na biyu, jiki kuma ya riƙa amsawa ba tare da dabbar ta zaɓa ba. Kowane mai kiwo ya san wannan, ai da ƙarar bokitin dusa tumaki suke tasowa. Tsoro ma haka yake ɗauruwa, sai dai shi sau ɗaya tak yana iya isa.

Game da shawarar Baba ta ɗaurewa a yi ta harbi, akwai abin da ya kamata a sani. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji da karnuka a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Karnukan da aka riƙa ba su azabar lantarki ba tare da hanyar kuɓuta ba, daga baya ko da an buɗe musu hanya da yawansu kwanciya kawai suke yi. Sun koyi cewa motsi ba ya amfani. Mai kallo daga nesa zai ce kare ya natsu, alhali ya yanke ƙauna ne.

Baba Mai Barga: Malam, karen Bature daban, dokin hawa daban. Na ga dawakin da aka yi wa haka kuma suka yi hawa lafiya.

Likitar Dabbobi: Gaskiya ne Baba, wasu suna sabawa ta wannan hanya, ba na musu. Matsalar ita ce ba ka san wanne ne zai saba ba sai bayan ka yi. Wani tsoron nasa ninkuwa yake yi. Wani ya yi ta fizga har igiya ta yanke shi ko ya faɗi da baya ya fasa ƙeya, kuma irin wannan faɗuwar tana kashe doki. Wani kuma ya yi shiru a turke, sai ranar hawa da ya ji ƙafafunsa a sake ya fashe a tsakiyar mata da yara. Dokin Ɗan Kilisa kuwa an riga an ji masa ciwo a kan ƙarar, shi ne mafi kusa da waɗannan da ba sa sabawa.

Mai Kyamis: To ai shi ya sa na ce allura. Ba duka, ba wahala.

Likitar Dabbobi: Bari in yi bayanin allurar da tsawo, don nan ne aka fi yin kuskure.

Asefuromazin yana saukar da kuzarin jiki, yana sa kasala, amma ba maganin tsoro ba ne. Dabbar tana jin ƙarar, tana jin tsoron, gaɓoɓinta ne suka yi nauyi. Ka ɗauka an danne mutum ana nuna masa maciji: bai motsa ba, amma ba za ka ce ya daina tsoro ba. Kuma in firgicin ya yi ƙarfi doki yana keta maganin ya zabura, a lokacin kuwa ƙafafunsa ba su da tabbas. Yana kuma saukar da hawan jini, ga rana, ga lifidi ko kayan ado masu nauyi, ga tsayuwar awanni. Sannan naka ingarma ne. Wannan magani yana sa gaban ingarma ya zazzago, a mafi yawan lokuta ya koma, amma akan samu wanda ya ƙi komawa, ya kumbura, har a kai ga tiyata. Ba kullum yake faruwa ba, amma likitoci suna taka-tsantsan da shi a kan ingarma saboda haka.

Zailazin kuwa muna amfani da shi ne in za mu yi ɗinki ko gyaran haƙori. Doki yana sunkuyar da kai, yana tangaɗi, bugun zuciyarsa ya ragu, hanjinsa ma ya rage motsi. Duk da haka kowane likitan dawaki ya san dokin da aka yi wa zailazin yana iya sakin harbi da ƙafa ba zato, kai kana ganin barci yake. Ta yaya za a hau irin wannan doki a shiga taron dubban mutane? Kuma maganin yana da haɗari ga ɗan Adam in allurar ta soke shi.

Abu na ƙarshe, dokin da aka bugar ba ya koyon abin kirki. Sallah mai zuwa kana nan inda kake, ko ma baya.

Mai Kyamis: Dakta, na ji bayaninki kuma na ƙaru, batun ingarma ban san shi ba wallahi. Amma ku ma likitoci ku duba. Mutum yana ƙauye, likitan dabbobi mafi kusa sai ya yi tafiyar awa biyu, in ya kira a ce ya biya kuɗin mai. Wajenmu yake zuwa don mu ne a kusa. Ba mugunta ce take sa mu bayarwa ba.

Likitar Dabbobi: Wannan ƙorafi ne na gaskiya, mun yi kaɗan kuma yawancinmu muna birni. Ban ce mugunta ba ce. Roƙona ɗaya ne: in mutum ya ce maka hawa zai yi da dokin, kada ka ba shi. Ka tura shi asibitin dabbobi na gwamnati da ke yankinsa. Wanda yake kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri kuma, jami'o'in can suna da asibitocin koyarwa na dabbobi.

Baba Mai Barga: Tun ɗazu nake karanta maganarku ina tunani. Zan faɗi wani abu don Allah. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ba yadda na faɗa ɗazu yake yi ba. In an kawo sabon doki, kusa da wani tsohon kili yake ɗaure shi, dokin da ya yi hawa ya fi goma. Sai ya sa a yi harbi can bayan gari, inda da kyar za ka ji. Ana harbawa yana miƙa wa sabon dokin gero a tafin hannu. Bayan kwana biyu ko uku mai bindiga ya ɗan matso. Haka har wata biyu, wani lokaci uku. In doki ya ƙi cin geron sai ya ce an yi gaggawa, a koma baya. Mu ne da muka taso muka ga abin ya yi tsawo muka gajarce shi.

Malam Mai Alli: Allahu Akbar. Baba, abin da mahaifinka yake yi shi ne abin da ke cikin littattafanmu, ba ragi. A 1924 wata Ba'amurkiya, Mary Cover Jones, ta raba wani ƙaramin yaro da tsoron zomo: yana cin abincin da yake so, zomon yana can nesa cikin keji, kullum a matso da shi kaɗan. Daga baya Joseph Wolpe, likita a Afirka ta Kudu, ya gwada irinsa da kyanwoyi, ya mayar da shi tsarin da ake yi wa mutane maganin tsoro da shi har yau. Ƙin cin geron nan shi ne ma'aunin. Dabbar da tsoro ya cika ta ba ta ci.

Likitar Dabbobi: Allah Ya jiƙan mahaifinka Baba, ya san aikinsa. Har tsohon kilin ma an gwada shi. Janne Winther Christensen da abokan aikinta a Denmak sun nuna cewa matashin doki yana rage firgita, bugun zuciyarsa ma bai kai na sauran ba, in yana tare da dokin da ya riga ya saba da abin tsoron.

Ɗan Kilisa, ga yadda zan so ka bi. Da farko a duba shi: baki, harshe, dasashi inda linzami yake zama, haƙora, baya a ƙarƙashin sirdi, da idanu. Dabbar da ke fama da ciwo ta fi saurin razana, in ba a cire ciwon ba horo wahalar banza ce. Ka ajiye linzamin nan tukuna, ka yi aiki da ragama.

Sannan ka samo ƙarar harbi a waya, ka haɗa da sifika, ka ajiye nesa, ka rage murya har ya zama kunnensa kawai yake juyawa. Jerin yana da muhimmanci: ƙara ta fara, nan take gero ya biyo baya, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka fara ba da geron sannan ƙara ta zo, kana iya koya masa tsoron geron ne. Minti biyar zuwa goma ya isa, sau biyu a rana ya fi awa guda a zama ɗaya. Kada ka ɗaure shi tamau, ka riƙe shi da igiya mai tsawo yadda zai iya matsa ƙafa. Ka riƙa kallonsa: in ya ɗaga kai sama, wuya ya sandare, farin ido ya fito, ya daina tauna, ko ya yi ta kashi kaɗan-kaɗan, ka wuce gona da iri, koma matakin jiya.

In ya saba a barga, kada ka ɗauka an gama. Doki yana iya sanin cewa ƙarar barga ba komai, ta fili kuma ya ɗauke ta sabuwa. Sai ka maimaita a waje, a wurare daban-daban, da sirdi, sannan kana kai. Kuma waya ba ta da warin albarushi, ba ta da hayaƙi, ba ta girgiza ƙirji. A ƙarshe dole a zo ga bindigar gaske daga nesa, a hannun masu izinin riƙe ta, kamar yadda mahaifin Baba yake yi.

Ɗan Kilisa: Na gode ƙwarai. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Ni kaina tun faɗuwar nan, in na hau shi na ji wani abu zai yi ƙara, gabana faɗuwa yake yi. Yana iya ganewa?

Malam Mai Alli: Ƙwarai kuwa, ƙanena, kuma ka kyauta da ka faɗa. A Balin ta Jamus, wajen 1904, an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, yana buga kofato ya ba da amsa. Da Oskar Pfungst ya bincika sai ya gano dokin yana karanta jikin mai tambaya ne: in bugun ya kai adadin amsar, mutum yakan ɗan saki jiki ko ya motsa kai ba tare da ya sani ba, sai dokin ya tsaya. In mai tambayar bai san amsar ba, Hans ma ba ya sani. A Suwidin kuma Linda Keeling da abokan aikinta sun gaya wa mahaya cewa za a buɗe laima kwatsam a zagaye na gaba. Ba a buɗe ba, amma bugun zuciyar mahayan ya tashi, na dawakin ma ya tashi. Kai da kake zaune a bayansa, cinyoyinka da hannunka suna ba shi labari kafin a harba.

Baba Mai Barga: Wannan kam gaskiya ne. Mu cewa muke doki ya san mahayinsa tun daga sa ƙafa a likkafa.

Maman Yara: Don Allah Dakta ku yi haƙuri in shigo da tawa, ba ta doki ba ce. Karen gadinmu ne, duk ƙarshen shekara in yara suka fara fasa nokawut, ko in ana tsawa da damina, sai ya haukace. Bara ya ciji ƙofar kejinsa har haƙori ya karye. Maƙwabcinmu ya ce in ba shi Valium ko Tramol. Shi ma babu maganin ne?

Likitar Dabbobi: Hajiya, na kare akwai, sun ma fi na doki yawa, amma don Allah kada ki ba shi komai da ka. Iri biyu ne. Akwai na lokacin da abin zai faru, kamar Sileo, wani man da ake shafawa a dasashi wanda aka amince da shi a Turai da Amurka musamman don tsoron ƙara, sai dai samunsa a nan da wuya. Likitoci kan yi amfani da tirazodon ko gabafentin. Akwai kuma na kullum, irin su fuloksetin, wanda mutane suka sani da Prozac, da kulomifiramin. Waɗannan sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu, ba na ranar tsawa ba ne, kuma ba a yanke su kwatsam. Valium yana rage tsoro, amma wani karen zuga shi yake yi, wani ya cire masa shakkar cizo, ga yara a gida. Tramol ba maganin tsoro ba ne sam, kuma in ya haɗu da fuloksetin yana iya jawo zazzaɓi, karkarwa da farfaɗiya.

Ko an ba da maganin, aikinsa ya sauko da tsoron ne zuwa inda kare zai iya koyo, horon nan dai sai an yi. Kafin nan, in za a fara nokawut ko tsawa ki shigar da shi ɗaki ko sito mai duhu, ki kunna rediyo, kada a daka masa tsawa. A duba gaɓoɓinsa ma in ya fara tsufa, don masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun sami alaƙa tsakanin ciwon gaɓoɓi da tsoron ƙara a karnuka. Haƙorin da ya karye shi ma ciwo ne, a duba shi.

Ɗan Kilisa: Dakta, tambaya ta ƙarshe. Mako bakwai zai isa?

Likitar Dabbobi: Ba zan yi maka alkawari ba. Wani dokin ya isa, wani sai wata huɗu. Ka fara yau, amma ka sa a ranka cewa in mako guda kafin Sallah bai iya tsayawa yana cin gero ana harbi a tazarar da za a yi ranar hawa ba, bana ba da shi za a yi ba. Na san da ciwo, ka kashe kuɗi a kayan ado, abokai suna jira. Amma in ya sake firgita a filin, aikin da ka yi duka ya rushe, kuma yaran da ke bakin hanya ba su da inda za su gudu.

Ɗan Kilisa: Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana goma sha biyu. Likita ya zo ya duba, ya sami rauni a dasashin ƙasa inda linzami yake zama, bai gama warkewa ba, da haƙoran ciki masu kaifi da suke yankar kumatunsa. Ya goge su, ya ce kada ƙarfe ya shiga bakinsa sai nan da mako uku. Ƙarar waya kuma mun kai rabin murya a barga yana ci abinsa. Shekaranjiya na yi gaggawa na ƙure sifikar, ya bar geron ya ja da baya yana huci, sai na koma ƙasa, jiya ya dawo daidai. Na yanke shawara bana ba zan hau shi ba ko da ya nuna ya saba, zan bar shi sai ƙaramar Sallah mai zuwa.

Baba Mai Barga: Madalla ɗana. Ina da wani bidi mai shekara goma sha shida, ko a kunnensa aka harba ba ya ɗaga kai. Ka zo ka hau shi ranar hawan, kai ma zuciyarka ta kwanta. Akawal ɗin kuma ka riƙa kawo shi bargata da yamma a ɗaure su kusa da juna, in lokacin bindigar gaske ya yi ni zan yi wa mai harbin magana ya fara daga bayan makabarta.

Ɗan Kilisa: Allah Ya saka da alheri Baba, Ya ƙara lafiya. Gobe bayan la'asar in sha Allahu muna tafe. In zo da geron ko akwai a can?